Shekarar da Na Kai Dambu Aji

Bana ruwa ya sake yi mana irin halinsa. Hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a bar mu da zufa da kallon sama. Ni kuwa irin wannan lokaci ba na iya zama wuri ɗaya. In shiga ofis in fito, in leƙa aji, in koma gindin dalbejiya in tsaya, kamar kazar da ke neman wurin saka ƙwai. Malaman da ke ƙarƙashina a nan Jega sun saba, har sun daina tambayata ko lafiya.

Ana cikin haka wata sabuwar malama ta kawo mini shirin darasinta in duba in sa hannu. Hausa ce ta aji uku, magana da sauraro. Rubutunta tsaf, ta bi ƙa'ida tiryan-tiryan. A wajen manufa ta rubuta cewa a ƙarshen darasi kowane yaro zai iya faɗin abin da aka ci a gidansu jiya da dare. Na riƙe biro na kasa sa hannu, har ta fara tsarguwa. Washegari muka zauna muka gyara layin tare, wannan ba wani abu ba ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na san layin nan tun ba a haife ta ba, kuma ya taso mini da wata damina da na daɗe ban zauna na tuna ba.

Shekarar da na fara koyarwa ɗaukar gwaji aka yi mana. Ba a tabbatar maka da aiki sai sufeton makarantu ya zo ya zauna a bayan ajinka, ya ga yadda kake koyarwa, ya rubuta abin da ya gani. In ya yaba ka zama malami, in ya kushe ka naɗe tabarmarka. Ni kuwa na san inda tawa tabarmar za ta koma. Mahaifina mahauci ne a kasuwar Jega, kuma bai taɓa yarda cewa tsayuwa gaban allo sana'a ce ba. Ranar da zan tafi ko ɗagowa bai yi daga naman da yake sara ba, ya ce, "In sunka koro ka, wuƙakka na nan, ban ba kowa ba." Ba da mugunta ya faɗa ba, iyakar gaskiyarsa ke nan. Na fita kasuwar ina rantsuwa a zuci cewa ko gawata ba za ta riƙe wuƙar nan ba.

Wani ɗan ƙauye aka tura ni a ƙasar Maiyama, gaba da Karaye. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa suna nan da ransu, jikokinsu har jami'a. Hedimasta ya sama mini ɗaki a zauren wata tsohuwa, Inna Tumba, wadda ke zaune da jikarta Kulu. Inna Tumba ba ta taɓa kirana Malam ba sai in da baƙo a wurin, in ba haka ba ɗan mahauta nake. Kulu kuwa a ajina take, aji uku, kuma ban taɓa ganin yarinya mai baki irin nata ba. Tun daga gida har makaranta ba ta haɗiye miyau. In na yi tambaya hannunta na sama kafin in rufe baki, in ban kira ta ba ta ba da amsar a kunnen na kusa da ita da ƙarfin da kowa zai ji.

Da bazara na isa. Rufin kwanon aji yana ta ƙas-ƙas da tsakar rana kamar ana taka shi, alli ya jiƙe a hannu ya ƙi kama allo. Rijiyar gari ta ja baya, guga na fitowa rabi ruwa rabi laka, sai an bar shi ya kwanta a randa. Da la'asar nake shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure in rubuta shirin darasin gobe, ƙudaje na taya ni.

Abin da na fi ji da shi a duniya a lokacin shi ne rubuta manufa. A kwaleji an dasa mana a ka cewa manufar darasi dole ta zama abin da ido zai gani ko kunne zai ji. Ba a cewa yara za su sani, ba a cewa za su fahimta. Sai dai za su faɗa, za su nuna, za su lissafa, za su kwaikwaya. Ni kuma na ɗauki abin da zafi, irin na sabon shiga. Ina iya ɓata yamma guda a kan layi ɗaya, in rubuta in soke, har Inna Tumba ta leƙo ta ce ko wasiƙar neman aure nake rubutawa.

Da dalili. Sufeton da ke zagaya makarantun yankinmu malamai Jan Biro suke kiransa a bayan idonsa. An ce ya taɓa samun wani malami ya rubuta cewa yara za su fahimci gaisuwa, sai ya zagaye kalmar da ja, ya dube shi ya ce, "Ƙaƙa kaka ganin fahimta, da ido ko da hanci?" Abu biyu kuma ba ya yafewa. Ba a kauce wa manhaja, abin da aka tsara wa mako shi za a koyar a makon. Sannan kayan koyarwa na zahiri yake so. In darasin akuya ne, kada ka zana masa akuya a allo alhali ga awaki na yawo a filin makaranta.

Kakar da ta wuce ba ta yi kyau ba, na tarar ana faɗa ƙasa-ƙasa. Masu ɗan hali su ne waɗanda suka yi lambun albasa wajen Aliero da rani, su ma sun sayar tun da wuri. Da ruwan farko ya sauka, da sassafe gari ya watse. Ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina, maza na gaba da sungumi suna sara, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ran nan aji ba kowa, ni ma na naɗe wando na bi Kulu gonarsu, tana ta gyara mini wai ina zuba iri kamar mai ba kaji. Gero ya fito gwanin sha'awa, ya yi tsawon yatsa. Daga nan sama ta rufe bakinta. Muna kallo ya murɗe, ya yi fari, ya kwanta. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, tsofaffi har da kuka. Allah ya amsa, ruwa ya dawo kamar da bakin ƙwarya, amma sai an sake shuka, kuma iri na biyu daga ɗan abin da ya rage a gindin rumbu ya fito. Abin da za a ci shi aka zuba a rami aka rufe da ƙafa.

Wanda bai zauna ƙauye ba yana zaton yunwa da fari take tafiya. Ta fi ƙarfi lokacin da ko'ina ya yi kore shar, kwaɗi na kuka, gero na tasowa yana kaɗawa, amma da sauran nisa kafin a ga tumu. Ga noma ya kama, ciyawa ba ta jiran kowa. Da asuba Inna Tumba za ta dama kunun tsaki, tsararo har kana ganin gindin ludayi. Kulu ta ɗauki ƙwarya ta bi mata bayan gari tsinkar tafasa kafin makaranta. A dafa, a zubar da ruwan farko, a matse, a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri da barkono. Shi ne na rana, wani lokaci shi ne na dare. Ɗan abin da mahaifiyata ke aiko mini daga Jega ta hannun wani direba ranar kasuwa, tukunyar gidan yake shiga, ba ya kuma daɗewa.

Amma ko sau ɗaya ban ji wani ya ce babu ba. Da yamma kowane gida hayaƙi na tashi, kowane gida ana jin turmi, ko da dusa ce a ciki. Kowa ya san abin da ke gidan kowa, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. In ka gai da mutum ya ce lafiya lau, sai godiya, alhali ya ƙara wa ɗamarar wandonsa ƙulli. Yau a Jega yara na shigowa da biskit a aljihu, wayar hannu na gaya mana za a yi ruwa, ita ma tana saɓawa kamar hadarin. Amma in an kaɗa ƙararrawar tara har yanzu akwai waɗanda ke zama a aji wai suna kwafar aiki, kuma na san su da ido.

A ajina na ƙauye yara sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma kafin rana ta take sun kifa kai a benci. Har Kulu ta rage surutu, ta koma ɗaga hannu rabi-rabi. Cikin wannan hali saƙo ya zo cewa Jan Biro zai zo mako mai zuwa, ranar Alhamis, kuma ajina zai shiga. Na buɗe manhaja in ga abin da ya faɗo a makon, sai ga shi, abincin gidanmu, yara su faɗi abin da suka ci a gida cikin cikakkiyar jimla.

Da yamma na karanta wa Inna Tumba, tana tsince tafasa a faifai. Ta daina tsintar ta dube ni.

"Wa ya rubuta wanga abu?"

"Daga sama yaz zo, Inna. Duk makarantu shi aka koyarwa."

"To shi wanda ar rubuta shi ya ƙoshi na. Ɗan mahauta, ka ji ni da kyau. In kat tsai da ɗiyan mutane gaban baƙo kac ce su hwaɗi abin da sunka ci, ɗayan biyu za a yi. Ko su yi maka ƙarya, kai ka koya musu. Ko wani marar wayo ya hwaɗi gaskiya, uwatai ta kasa hita rijiya. Ko wanne anka yi, wanshekare ba ka ganin ɗa ko guda a makarantakku. Ba don tuwo kaɗai anka yi ciki ba."

Da safe na tari Hedimasta da maganar. Dattijo ne mai sanyin hali, ya ga sufetoci iri-iri. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi ma ya san da haka, amma Jan Biro da manhajarsa yake zuwa a jaka, yana buɗe ta kafin ya buɗe shirin darasinka. In na tsallake makon, ja ne. In na koyar kamar yadda aka rubuta, in shirya wa aji babu yara. Ya dafa kafaɗata ya ce in yi tunani, ya tafi ya bar ni da gaba kura baya siyaki.

Kwanakin nan ban san inda zan sa kaina ba. In zauna in tashi. In rubuta layi in soke. Na gwada cewa yara za su lissafa ire-iren abinci, na ga ai wannan darasin aji ɗaya ne, zai ce raina masa hankali na yi. Na gwada cewa za su bayyana yadda ake dafa tuwo, na tuna akwai yaran da rabonsu da ganin tuwo tun kafin shuka ta biyu. Na ji haushin manhaja, na ji haushin Jan Biro da ban taɓa gani ba, na ji haushin kaina, har Kulu na daka wa tsawa a kan ta taɓa mini biro. In na rufe ido teburin mahaifina nake gani, da ƙudaje, da wurin da zan tsaya a gefensa.

Ranar Talata da la'asar na kasa zama na bi hanyar gonaki. A gindin wani gawo na hango wani manomi ya zauna hutu da ɗan kunu a ƙoƙo, bai fi kurɓi uku ba. Wani maƙwabcinsa ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa, leɓensa duk ya bushe. Na zaune ya ɗaga ƙoƙon ya ce bisimilla. Mai wucewa ya dafa ƙirji ya ce alhamdu lillahi, yanzu ya sha nasa, Allah ya sa albarka. Na zaune ya sake tayi, ya sake godiya, ya wuce. Na san gidajensu duka biyun, na san ba abin da ya sha. Na tsaya cak a kan hanya. Ga maganar abinci, ga cikakkiyar jimla, ga abin da kunne zai ji, kuma ba wanda aka tona wa asiri. Da gudu-gudu na dawo gida.

Na rubuta manufa biyu, har yau ina iya kawo su da ka. A ƙarshen darasi yara za su iya yi wa baƙo tayin abinci da kalmomin da suka dace. Za su kuma iya mayar da tayi cikin ladabi da godiya. Na karanta na sake karantawa, na ji kaina ya yi girma. Ban bar kan abinci ba, don haka ban tsallake manhaja gaba ɗaya ba, na dai karkata. Saura kayan koyarwa. Tunda mutumin na zahiri yake so, na ce zai ga zahiri. Akwai ragowar tsakin masara da ɗan man gyaɗa da albasa cikin saƙon mahaifiyata na ƙarshe. Na roƙi Inna Tumba ta yi mini dambu ranar Alhamis da safe, da zogale, ta cika babban kwano.

"Ci za su yi ko kallo?" in ji ta.

"Kayan aiki na, Inna. In an gama darasi, baƙo yat tahi, sai in raba musu."

Ta taɓe baki. Na ce ta ɗebar wa Kulu nata tun a gida. Ta ce a'a, ba jikarta ce za ta shiga aji da maiƙo a baki sauran ɗiyan mutane na kallo ba, in za a ci a ci tare.

Alhamis ta waye da sauran yayyafi. Kulu ce ta ɗauko kwanon a ka, an rufe da faifai, tururi na fita ta gefe. Tun daga gida har makaranta ba ta ce uffan ba, ni kuwa hankalina na kan darasi, na ɗauka nauyin kwanon ne. Muna shiga muka ji ƙarar babur. Jan Biro ba ƙato ba ne yadda na zana shi a raina. Ɗan siriri ne, da furfura a gemu, wandonsa duk laka. Ya gaisa da Hedimasta, ya shigo ya zauna a bencin baya, ya buɗe manhaja, ya buɗe shirin darasina, ya duba wannan ya duba wancan. Na ga ya cire murfin biron.

Na shimfiɗa tabarma a gaban allo na ajiye kwanon. Na fara da tambayar me ake cewa in baƙo ya tarar kana cin abinci, aji ya amsa gaba ɗaya. Na ji ƙarfi. Na fito da yara biyu, ɗaya mai gida ɗaya baƙo, na ce mai gida ya buɗe kwano.

Yana ɗage faifan nan ƙamshin albasa da man gyaɗa ya cika ajin. Duk wani motsi ya tsaya. Na ga maƙogwaro na hawa yana sauka a kowane benci. Mai gida ya ce bisimilla, baƙo ya durƙusa ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi, Allah ya ƙara rufin asiri, idonsa na kan dambun. Ba kuskure ko ɗaya. Biyu na gaba ma haka, na gaba ma haka. Duk wanda ya fito sai ya faɗi na ƙoshi daidai yadda na rubuta, ya koma ya zauna yana haɗiyar miyau. Manufata na cika a gaban idona, ni kuwa zufa ta wanke mini baya. A nan na gane na gudu daga gara na faɗa gidan zago. Na so in rufe kwanon, amma in na rufe na katse darasi a gaban sufeto. Na ci gaba.

Na ajiye Kulu zuwa ƙarshe don in rufe da gwana. Ita ce baƙuwa. Ta fito ta yi sallama, ta durƙusa. Yarinyar da ke mai gida ta tura mata kwanon ta ce bisimilla. Kulu ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Aka sake yi mata tayi. Na ga hannunta na dama yana neman miƙewa wajen kwanon, ta kama shi da na hagu ta danne. Idonta ya cika taf. Aji ya yi tsit, kowa na kallonta. In ta kai hannu, kafin azahar labari ya zagaye gari cewa jikar Tumba ta kasa riƙe kanta gaban baƙo. In ta fashe da kuka ma duk ɗaya ne. In ni na ce ta ci, na faɗa da bakina abin da garin duka ke ɓoyewa. Na tsaya da alli a hannu, ban taɓa jin na tsani kaina kamar a lokacin ba.

Sai na ji benci ya motsa a baya. Jan Biro ya taso, fuska a ɗaure.

"Malam, an yi wa kowa tayi ban da ni. Hakanga aka yi wa baƙo a Jega?"

"Ranka shi daɗe, a gahwarce ni."

Ya cire takalmi ya zauna a tabarmar, ya sallami ɗaya yarinyar, ya dubi Kulu. "Ɗiyata, ke am mai gida yanzu. Juyo ki yi mini tayi."

Kulu ta goge ido da bayan hannu. Wannan kam ta iya. Ta tura masa kwanon da hannu biyu ta ce, "Baba, bisimilla." Ya sa aka kawo buta ya wanke hannu, ya yi bisimilla a fili, ya ɗebi loma ɗaya ya kai baki. Ya tauna a hankali, ya ce wadda ta yi dambun nan ta iya, Allah ya yi mata albarka. Ya ƙara ta biyu ƙarama, ya janye hannu ya yi hamdala.

"To, ni na ƙoshi. Ragowab baƙo kuwa ba ta komawa cikin gida, kun sani. Ku taso duk ku taimake ni, kar in ga ko ƙwara."

A wajenmu abin da babba ko baƙo ya rage na yara ne, cinye shi ba kwaɗayi ba ne, aike ne aka yi maka. Ba yaron da za a yi wa gori a kansa. Suka dubi juna, suka taso a hankali suka kewaye kwanon. Shi kuma ya ɗauki takalminsa da shirin darasina, ya kama hannun rigata ya ja ni waje, yana cewa ba a tsaya wa mai cin abinci a ka.

A baranda ya jingina da ginshiƙi ya buɗe littafin.

"Manhaja ba haka tac ce ba," ya ce.

"Haka na, ranka shi daɗe."

"Mi as sa kac canza?"

Ban san yadda zan faɗa ba tare da na tona garin ba. Na dubi gonakin da ke bayan makaranta na ce, "Damina ta, ranka shi daɗe."

Ya dube ni. Sannan ya ce shi ma ba a birni aka haife shi ba. Ya sa biron a kan layukan nan nawa biyu, na runtse ido, amma bai soke ba.

"Manufakka ta aunu, na ji da kunnena. Canjin ma ban ƙi shi ba. Sai dai kai ka kawo abinci aji, ka rubuta yadda za a yi tayinai, ka rubuta yadda za a ƙi shi, ka mance wanda za shi ci. Yara ba alli ba na, Malam, da ciki suka zuwa makaranta." Ya ɗan yi rubutu a gefe, ya sa hannu, ya miƙo mini. "Baɗi in Allah ya kai mu nan nika son in iske ka. Kar in zo a ce ka nemi canji zuwa birni."

Sai da ya tayar da babur ya fita harabar na gane abin da ya faɗa. Na samu aiki. Na zaci zan yi tsalle, amma zama na yi a bakin baranda, daɗi da kunya sun cakuɗe mini. Hedimasta ya fito daga ofis ya tsaya a kaina, yana bin babur ɗin da kallo.

"Da gaske na ya ci dambun?"

Na ce loma biyu.

Ya girgiza kai. "Da azumi yaz zo. Da sahe na kai mai ruwa yac ce Alhamis ta. Tun da nis san shi ban taɓa ganin ya karya na Alhamis ba, ko da bazara. Yanzu sai ya rama."

Na miƙe in ga ko zan hango shi, amma ya riga ya sha kwana ya shige cikin gero. Daga cikin aji sai ga muryar Kulu ta tashi, tana yi wa wani yaro faɗa wai lomarsa ta cika girma.